Tukunyar Goggo a Gindin Tsamiya

Makon jiya na kai rigar saƙi ta gidanmu wurin tela, saboda wuyanta ya fara sakin zare. Saurayin ya shimfiɗa ta bisa teburinsa, ya bi aikin ƙirji da tafin hannu, sai ya tsaya a kusurwar aljihu, inda zaren ɗinkin ya sauya daga fari zuwa ja-ja kamar ruwan goro. Ya ce, "Alhaji, nan zare ya ƙare wa mai aikin, ya cika da wani. In ka yarda in warware wannan gefe in sa maka fari na inji, ba wanda zai gane." Na ce masa ya gyara wuya kawai, sauran ya bar shi yadda ya same shi. Ya murza zaren da yatsa ya tambaye ni a wane kanti ake samun irinsa. Na ce ba kanti ke kawo shi ba, tsutsa ce ke yin sa. Ya yi mini dariyar ladabi, irin wadda ake yi wa tsoho idan ana zaton ya fara ruɗewa. Ban ji haushinsa ba. An haife shi a Matameye kamar yadda aka haife ni, amma abin da na gani ya riga ya tafi kafin ya buɗe ido. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi, kuma zan bi shi daga farko, don ban iya ba da labari a hargitse ba.

Garkarmu, wato lambun gidanmu, tana cikin kwarin da ke bayan gari, inda ruwa ba ya nisa da ƙasa. A zamanin da nake magana, mai ido rufe ma yana iya faɗin lokaci a garka da kunne. Da asuba jigo ke fara kuka, guga ya faɗa rijiya, ruwa ya bi magudana zuwa fangali yana ɗan gunaguni. Da hantsi ƙudan zuma ke karɓa, su cika kan tsamiya har ka ji kamar bishiyar ce ke nishi. Rana na yin tsaka zanzaro zai zo bakin rijiya ɗaukar laka, yana zirga-zirga tsakanin ruwa da gininsa. Da la'asar ganyen rake ke goga juna, fara na tsalle a cikin ciyawa, kafin magariba kuma gyare ya ɗauka. Yanzu injin ban ruwa ne ke magana tun safe, ba a jin komai sai shi. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da aka kashe injin. Na sha tsayawa ina jiran sauran muryoyin su dawo, sai in ji shiru, ban da wayar wani da ke ƙara a aljihu.

Wadda ta koya mini duban ƙwari ita ce Goggo, yayar mahaifinmu. Mijinta ya rasu, ta dawo gida ta zauna da mu, sana'arta kuma kaɗi. Ba ta da yawan wasa, ba ta kuma son a yi abu kafin lokacinsa. Idan na kawo mata ƙwaro a hannu sai ta ce in mayar da shi inda na ɗauko, in dawo mata da labarinsa. Labarin kuwa yana da tsari. Na farko, a kan wane ganye na gan shi. Na biyu, ganyen yake ci ko masu cin ganyen yake farauta. Na uku, yadda yake tafiya. Na huɗu, lokacin da yake fitowa. Sai an gama waɗannan ake tambayar sunansa, hannu kuma shi ne na ƙarshe. Takan ce, "Ido ke shiga gaba, hannu ya biyo. Wanda ya juya su ya sha ƙaiƙayi." Da wannan tsari na san hangara, wadda ake hurewa daga jiki ba a murje ta, don in an murje sai fata ta yi bororo. Na san murzuna, mai bin zangarniyar gero tana zagayawa kamar naɗin rawani. Na san ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro da rina masu gadin garka ne, don na ga zanzaro da idona yana jan tsutsa zuwa ɗakinsa na laka. Na kuma koyi raba malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta. Na farkon da rana yake yawo, in ya sauka sai ya haɗe fukafukansa sama. Faɗa-wuta kuwa sai rana ta yi sanyi take tashi, jikinta da kauri da gashi, in ta sauka sai ta kwantar da fukafukai kamar jinkar ɗaki. Yaran yanzu duk abin da ya yi motsi a ganye sunansa ƙwaro, maganinsa kuma ɗaya.

A gefen garkar akwai tsamiya babba. Ƙasar ta Baba ce, bishiyar kuwa ta Goggo ce, haka aka raba musu gado, kuma kowa a kwarin ya san haka. Ba don ƴaƴan da bishiyar ke yi Goggo ke ji da ita ba. Idan ruwa ya sauka, wata faɗa-wuta fara, mai fukafukai kamar madara da siraran zane ja-ja, takan zuba ƙwai a bayan ganyenta. Ƙwan ya zama tsutsotsi masu gashi, waɗanda ba sa rabuwa da juna: tare suke ci, tare suke hutawa a jikin reshe kamar an shimfiɗa bargo. Goggo na kiran kowane taro nasu runduna. Idan kaka ta gabato sai su daina ci, su sauko a jere, kan wannan a wutsiyar wancan, suna neman inda za su saƙa gida ɗaya su kwanta a ciki har damina mai zuwa. Wannan gida shi ne ake dafawa da ruwan toka, a wanke, a shanya, a tsefe, a kaɗa, ya zama zaren da ake ɗinkin manyan riguna da shi. In sun saƙa a fili cikin haske, zaren ja-ja yake fita. In a duhu suka saƙa, sai ya fito fari, shi ne kuma masu ɗinki ke nema. Saboda haka Goggo na da tukunya ta musamman, wadda ba a taɓa girki da ita ba. Takan jera karan gero a ciki, ta jingina bakinta da gindin bishiya, rundunar farko ta shiga, a rufe da faifai. Rundunar baya ba a taɓa ta. Ita ake bari ta saƙa a jikin bishiya, ta zama iri. Ka'idar ke nan tun kakanni: ta farko ta tukunya, ta baya ta baɗi.

Baba mai ɗinkin riga ne. Shekara da shekaru yana yi wa mutane, sai a ƙarshen rayuwarsa ya ɗauko saƙi mai kyau ya ce wannan ta gida ce, babban ɗansa zai gada. Da farin zaren Goggo yake yin ta, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da tukunya ta bayar kowace kaka. Ya gama baya, ya gama wuya, ya zo kan zanen aska na ƙarshe a kusurwar aljihu, zare ya ƙare, kafin wata kaka kuma Allah ya yi masa rasuwa. Aka naɗe rigar aka sa a adaka da allurarsa soke a inda ya tsaya. Wani abokin sana'arsa ya yi alkawarin cikawa in an kawo masa zare. Abin da ya rage tukunya ɗaya ce kawai, ita Goggo ke jira a shekarar da zan faɗa.

A shekarar ina saurayi, na bar lakol, wato makarantar boko, na kama aikin garka gadan-gadan. Yayana shi ne ya zama maigida. Kowace shekara yana tafiya cin rani Kano, amma a wannan karo ya dawo da niyyar ba zai koma ba, don mai ɗakinsa na da ciki na fari, haihuwar kuma a tsakiyar rani za ta faɗo. Dabararsa ita ce ya cika garka da shu, wato kabeji, ya sayar a kasuwar gari da ta ƙauyuka, ya zauna gida. Ya zo da irin shu, ya zo kuma da famfon feshi na ƙarfe wanda ake goyawa a baya, da kwalbar magani mai wari. Shi ne na farko a kwarinmu, mutane har zuwa suke yi kallo. Da ruwa ya fara janyewa ya yi renon irin a fangulan da ke ƙarƙashin tsamiya, saboda inuwa. Iri ya tsiro da kyau. Sai kuma ganye ya fara huda.

Wata la'asar Goggo na kaɗi a tsakar gida, ni ina gyaran igiyar guga, Yaya ya shigo ya tsaya a kanta. Sunan kakanmu ya ci, don haka Goggo ba ta faɗin sunansa, Maisuna take ce masa.

Ya ce, "Goggo, gobe zan yi feshi a gindin tsamiya. Na ce bari in gaya miki."

Ba ta ɗaga kai daga mazari ba. Ta ce, "Gaya mini kake yi ko tambayata kake yi, Maisuna?"

"Tambaya nake yi."

"To ka tambaya a zaune."

Ya zauna a bakin tabarma. Ya ce tsutsotsinta suna cinye masa shu. Ta ce nata ƴaƴan manya ne, ba sa cin abin da ba su gada ba. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Auta, ka duba?" Na ce na duba. Na faɗa bisa tsari: a bayan ganyen shu suke, koraye ne ƙanana marasa gashi, kowace ita kaɗai take ci, in an taɓa ta sai ta yi baya da sauri ta rataya da zare, uwarsu kuma wata ƴar faɗa-wuta ce mai launin toka da ke tashi in an girgiza ganye. Na Goggo suna can sama, ba su sauko ba.

Yaya ya ce, "Na ji, ba naki ba ne. Amma magani bai san na Goggo da na wani ba, iri kuwa ƙarewa yake yi. Yaushe za su sauko?"

"Sun fara rage ci. Ba su gaya mini rana ba."

"In irin nan ya tafi, ni ma na tafi. Kin san halin da yarinyar nan take ciki."

Mazari ya tsaya. Goggo ta ce, "Na sani, ni zan karɓi haihuwar. Amma rigar ubanka na cikin adaka da allura a jikinta. In ka jiƙa gindin bishiyar nan da abin kwalbarka, ta ina za su bi?"

"Riga ba ta zama tuwo, Goggo."

"Ba ta zama ba. Ban ce za ta zama ba."

A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Yaya zai jira har runduna ta shiga tukunya, mu kuma kafin nan za mu tsince korayen tsutsotsin da hannu. Haka muka yi. Muna idar da sallar asuba sai garka, ni da Goggo, kowa da ƙoƙon ruwan toka. Daga fangalin gabas muke farawa, layi bayan layi, ganye bayan ganye, a juya a duba a tsince. Bayan ƴan kwanaki Yaya ma ya tsuguna tare da mu. Ya ce, "Na goyo famfo tun daga Kano don in zo in yi tsince kamar kaza." Goggo ta ce, "Kaza ma ba ta surutu in tana tsince." Amma gaskiya hannu bai isa ba. Abin da muka kwashe da safe, wani ya maye shi kafin wata safiya. Ganyen fangali biyu na tsakiya ya koma kamar rariya. Ina ganin Yaya yana tsayawa a kansu, ya dubi iri, ya ɗaga kai ya dubi bishiya, ya koma tsince. Bai taɓa famfon ba, ko da yake yana rataye a rumfa inda hannunsa zai kai.

Ranar da suka sauko, da hantsi ne. Ni na fara ganin su, wani layi mai duhu yana gangarowa daga babban reshe kamar an sako igiya. Na kira Goggo. Ta shafa mini man gyaɗa a hannu saboda gashinsu, ta ba ni tsinken kara, ta ce aikin nawa ne yau, idonta ya fara rauni. Ba a kora su, ba a ɗaukar su. Na gaba kaɗai ake lallaba: in ya karkata hagu a tare shi da tsinke a hankali, in ya tsaya a jira shi. Sauran ba sa bukatar komai, inda ya bi nan za su bi. Na tsuguna har ƙafafuna suka mutu, ina bin sa yana shinshina ɓawon bishiya, har ya kai bakin tukunya. Ya ɗaga kai, ya yi jim, sannan ya shiga duhu. Layin ya bi shi, ba wanda ya tsallake wani, ba wanda ya koma. Ban taɓa ganin jama'a mai tsari irin wannan ba, ko a sahun masallaci. Da na ƙarshe ya shige Goggo ta rufe da faifai ta yi bismilla, muka kai tukunyar ɗakinta.

Kafin mu bar garka ta tsaya ta daɗe tana duban sama, inda rundunar baya take a wani reshe mai nisa. Ta ce in duba mata ko suna ci. Na ga bakinsu na motsi, na ce suna ci. Ta ce wa Yaya, "Waɗannan da sauran kwanaki, kafin nan warin ya tafi. Ka cika alkawari, yi aikinka." Da safe Yaya ya goya famfo ya yi feshi. Ya yi a hankali, har zana ya kafa tsakanin fangula da gindin bishiya, amma ƙasar wurin duk ta sha.

Bayan azahar na koma ban ruwa, sai na tarar rundunar baya ta sauko. Ko zafin ranar ne ya taso su, ko lokacinsu ne ya yi ba mu gane ba, Allah ne masani. A shekarun baya sukan tsaya a wani kogo a jikin bishiya, amma a ranar sun wuce shi sun taka ƙasa. Na gaba ya yi ƴar tafiya ya nannaɗe. Na biyu ya zo kansa ya nannaɗe. Na baya bai san abin da ya sami na gaba ba, bin sa kawai ya iya, don haka layin bai tsaya ba, yana ta gangarowa yana taruwa wuri ɗaya. Na sa tsinke na juya waɗanda suka rage a jikin bishiya, amma sun riga sun taɓa ƴan uwansu, kafin la'asar su ma sun saki sun faɗo. Na je na kira Goggo da Yaya. Yaya ya tsaya a kansu yana kallo. Can ya ce, "Goggo, ke kika ce in yi." Ta ce, "Ni na ce. Ban ɗora maka ba." Ta sa na haƙa rami na rufe su, don kada kaji su ci.

Washegari ta aike ni in zagaya tsamiyoyin kwarin duka, in duba ko akwai wata runduna ko wani gida a jikin reshe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har iyakar gonaki. Ban samu ba. Wasu shekaru haka abin yake, bishiya ɗaya ce ke samun baƙi. Ke nan duk abin da ya rage mai rai a wajenmu yana cikin tukunyar Goggo.

Da saƙa ta ƙare a cikin tukunya, Goggo ta ɗaga faifai ta nuna mana. Gidan ya cika tsakanin karan, fari tas kamar auduga, ya fi na kowace shekara. A bisa al'ada yanzu ne ake dafawa, tun masu gidan na barci a ciki. In aka bar su har damina, za su fito da fukafukai, kowace kuma in za ta fita sai ta zubar da wani ruwa ja-ja wanda ke rina gidan, ba kuma wankin da ke fitar da shi. Zaren zai kaɗu, amma fari ya tafi. Ta tace ruwan toka, aka hura wuta, aka ɗora babbar tukunya. Sai Goggo ta zauna a kujerarta da ƙaramar tukunyar a gabanta, ba ta motsa ba, har ruwa ya fara tsuwa.

Yaya ya fito daga ɗaki ya ga haka, ya gane. Ya ce, "Ki dafa, Goggo. Rabin irina ya tafi saboda farin zaren nan. In kin bar shi ya rine, to a banza na jira."

Ta ce, "Kai manomi ne, Maisuna. Wanda ya ci iri ya cinye baɗi."

"Rigar fa?"

"Za a cika ta. Sai dai duk wanda ya dube ta zai ga inda aka cika."

"Baba da fari ya fara."

"Da fari ya fara. Ni ma ban so ƙanena ya bar aiki mai launi biyu ba." Ta tura tukunyar kaɗan zuwa gare shi. "Bishiya tawa ce, amma riga taka ce, asara ma taka ce. In ka ce fari, yanzu zan zuba su, ba kuma za ka ji wata magana daga bakina ba."

Na tuna ruwan na tafasa, mai ɗakin Yaya na tsaye a ƙofa da hannu a bayanta. Yaya ya tsuguna ya leƙa cikin tukunyar, ya daɗe yana kallo, ko da yake ba abin da ke motsi a ciki. Sannan ya juya wajen murhu ya janye itacen ɗaya bayan ɗaya, ya turbuɗa su a ƙasa. Ya ce da ni, "Kai, zubar da ruwan nan, kada yara su taka." Ya fita. Ba a sake tayar da zancen ba.

Shun da ya tsira bai isa ya riƙe gida ba. Da aka gama kaka Yaya ya ɗaura kayansa ya bi motar Kano. An haifi ɗansa na fari yana can, ni na tsaya a madadinsa ranar suna, sai da yaron ya fara zama uban ya gan shi. Ban taɓa jin ya yi wa Goggo gori da wannan ba, ita ma ban taɓa jin ta ce masa ya yi daidai ba. Tukunyar ta yi rani a kusurwar ɗakinta, bisa dutse, da da'irar toka kewaye da ita saboda tururuwa. Sabunta tokar aikina ne kowace Juma'a. Wani lokaci nakan kara kunne a jikinta, ba na jin komai, in ce wa Goggo anya ba su mutu ba. Sai ta ce, "Hatsin da ke rumbu kana jin numfashinsa?"

Yaya ya dawo gab da shuka. A lokacin wasu maƙwabtanmu biyu sun sayo nasu famfon, ya san kuma wasu za su biyo. Da aka yi ruwan farko ya ce wa Goggo ba za a mayar da tukunyar garka ba. Surukansa na da gona a hanyar Tsauni, da tsamiya a tsakiyarta, nesa da kowace garka, ya riga ya nemi izini. Shi da kansa ya yi gammo ya ɗora tukunyar a ka, ina biye da shi. A bakin gari muka wuce majalisar abokansa, ɗaya ya ce, "Maigida da tukunya a ka, ina zuwa haka?" Yaya ya ce, "Amare nake rakawa, kada ka tsayar da ni." Muka ajiye ta a cikin rassa, muka ɗaure, muka zame faifai.

Kullum bayan asuba nakan je dubawa. Wata safiya na tarar sun fito. Sun cika bakin tukunya da jikin reshe, farare, fukafukansu a jiƙe a tattare, suna ɗan rawa suna miƙe su. Na koma da gudu. Goggo ta zo a kan jaki, Yaya na ja. Ta sa ya ɗaga ta ta matsa kusa, ta duba su da kyau, zanen fukafukai da ƙahonnin nan masu kama da gashin tsuntsu, kamar mai duba jariri ko gaɓoɓinsa sun cika. Ta ce, "Su ne." Iyakar abin da ta ce ke nan. Da suka watse muka ɗauko gidan, ya rine kamar yadda ta faɗa. Ta dafa, ta wanke, ta tsefe, ta kaɗa. Abokin Baba ya kara zaren a jikin riga ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan ba zai haɗu ba." Goggo ba ta je Makka ba, girmamawa ce kawai. Ta ce, "Malam, ban ce ka haɗa ba. Cewa na yi ka cika." Ya zare allurar Baba daga inda take, ya cika da ita. Yaya ya sa rigar a Babbar Sallah, ya ci gaba da sa ta kowace Sallah har ƙarshen ransa. In wani ya tambaye shi dalilin jan zaren, yakan ce haka aka ba shi.

Tsamiyar garkarmu ba ta sake samun runduna ba. Ta hanyar Tsauni kuwa ta yi shekaru tana samu, Goggo na ɗibar ta farko tana barin ta baya har ƙarfinta ya ƙare, ni kuma na ci gaba bayanta, ina kai wa tsofaffin da suka rage masu kaɗi. Ba zan zagi famfo ba. Na goya shi kamar kowa, da shun da ya tsare na ciyar da iyali, kuma na san abin da tsutsa ke yi wa talaka in an bar ta. Abin da nake cewa shi ne a da akan duba kafin a kashe, akan san wane ne ɓarawo wane ne maigadi, akan kuma bar na baɗi. Yanzu magani ya kai gonakin gero da na wake, masu kaɗi sun ƙare, masu ɗinkin hannu sun koma inji. Rundunar ta yi ta raguwa har na daina ganinta. A kakar bara na hau babur ɗin jikana na je wurin bishiyar. Tana nan, ta ƙara girma. Na zagaya ta ina duban ganye, ko'ina lafiya lau, ba huda ko ɗaya. Jikan ya ce, "Kaka, ai ta yi kyau." Na koma na hau babur.

Jiya na koma karɓar riga. Telan ya gyara wuya da kyau, bai taɓa kusurwar aljihu ba. Yana naɗewa ya ce ya tambayi kakarsa a gida, ta ce masa gaskiya ne, har ta taɓa kaɗa irinsa tana budurwa. Sannan ya ce su mutanen Dawce ne asali, akwai tsofaffin tsamiyoyi a bayan ƙauyensu inda ba a noma, ko a can za a samu? Na ce ban sani ba, amma in zai duba ya bi tsari. Ya je a ƙarshen damina. Ya fara duban ganye, in ya ga an ci, ya duba jikin reshe ko akwai abu mai gashi a shimfiɗe kamar bargo. In ya gani ya lura ko suna ci ko sun daina.

Ya ce, "In na same su fa, Alhaji?"

Na ce, "Kada ka taɓa. Ka zo ka kira ni, tukunyar tana nan."